A Bar wa Tsuntsu Gungu Ɗaya a Dam ɗin Goronyo

Duk wanda ya taɓa bin gaɓar gulbin Rima da bazara, tsakanin Goronyo da Wurno, ya san zakaran ƙeƙuwa ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne tsuntsun nan mai baƙin kai da farin kumatu, wanda kan tashi da kururuwa ya yi ta kawo wa mutum sura kamar zai fizge masa hula. Mai wucewa sai ya ɗauka tsiwa ce, alhali ƙwansa ne ke kusa: uku ko huɗu, cikin ɗan gurbin da ya tona a rairayi, launinsu ya saje da ƙasa har sai ka kusa takawa kafin ka gani. Bai san hawa bishiya ya yi sheƙa ba. Dogaronsa duka yana ga ruwan da ya kewaye tudun da ya zaɓa, ya tare masa kare da dila da kofaton shanu na kwana ashirin da 'yan kai, har ya ƙyanƙyashe.

A kan wannan ruwan nake son yin magana. Shawarata ita ce a keɓe tsibiri guda cikin tabkin dam ɗin Goronyo, a mayar da shi hurumin tsuntsaye masu sheƙa. Na san abin da wani zai ce tun kafin in rufe baki. A yankin da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka kashe fiye da mutum 40, yankin da manomin Rabah ke lissafin ko zai kai gona ya dawo, wa ke da sukunin zancen ƙwan tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ni da niyyar yi mata kwana. Ran ɗan Adam na gaba da komai. Amma abin da nake nema ba ya cin kuɗin tsaro, ba ya ɗauke soja ko ɗaya daga bakin aikinsa. Kuma ranar da zaman lafiya ya dawo, in sha Allahu zai dawo, akwai abubuwan da za a iya sake ginawa da bulo da siminti, akwai waɗanda idan sun tafi sun tafi ke nan. A tambayi dattawa yaushe rabonsu da jin kukan gauraka a fadama. Tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya ke nan, yau kuwa ya fi sauƙin gani a tsakar gidan wani mai hali, an karya masa fiffike, da a gan shi a dajin Allah.

Masu kiwon tsuntsayen daji sun daɗe da gane cewa tsibiri ya fi kowane shinge. A Amurka, wurin farko da gwamnatin tarayya ta keɓe domin tsuntsaye wani ɗan tsibiri ne a gaɓar Florida, bai wuce eka biyar da 'yan kai ba. Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a kansa a watan Maris na 1903, saboda maharba na ƙarar da kwasakwasa da dangin balbela don sayar da gashinsu ga masu ƙawata hulunan mata. Mai gadinsa na farko, Paul Kroegel, mutumin wurin ne, albashinsa dala ɗaya a wata. Kusa da mu, a bakin tekun Senegal inda kogin Salum ke shiga teku, akwai tsibirin rairayi da Faransanci ya raɗa wa suna Tsibirin Tsuntsaye. Yana cikin gandun da aka kafa a 1976, kuma dubun-dubatar tsuntsayen teku ke kwanci a kansa duk shekara. Babbar barazanarsa a da ita ce masu zuwa da jirgi su kwashe ƙwai da kwando. Maganin da ya yi aiki shi ne ɗaukar samarin ƙauyukan masunta na kusa su zama masu tsaro a lokacin kwanci. A Muritaniya kuma, a gandun Banc d'Arguin, an bar masuntan Imragen su ci gaba da sana'arsu cikin gandun, da sharaɗin jirgin filafilai, ban da mai inji.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin waɗannan wurare da namu, kuma a nan maganar take. Tsibirin teku ba ya wayar gari ya ga ya haɗe da tudu. Ruwan da ke tsaron sa ba ya hannun kowa. Namu kuwa yana hannun mutum.

Kafin a datse Rima, gulbin yana da kalandarsa da kowa ya sani. Ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi ya taru ya cika fadama a Agusta da Satumba, ya fara janyewa da kaka, ya bar tafkuna da tudun rairayi da rani, ya kai ƙarshen ƙanƙancewa da bazara. Mai shinkafa ya san lokacinsa, Basarke ya san nasa, Bafillace ya san ranar da zai gangaro da shanu. Tsuntsaye ma a kan wannan kalanda suka tsara rayuwarsu. Masu kwanci a rairayi suna yin ƙwai lokacin da ruwa ya yi ƙasa, don 'ya'yansu su yi fiffike kafin ambaliya. Balbela da zalɓe suna jiran damina su taru ɗaruruwa a kan bagaruwa ko giyayyar da ruwa ya shanye gindinta. Kirinjijiya da ɗinya su ɓuya cikin ciyawar da ta nutse.

Aka gama gina dam ɗin Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 12 da rabi, yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga shi ake ban-ruwan gonakin tsakiyar kwarin Rima, daga shi birnin Sakkwato ke sha, ruwan da aka saki kuma yana gangarawa har Argungu da Birnin Kabi. Ba na cikin masu zagin dam. Wanda ya ga buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa da ke fita daga Goronyo da Wurno ba zai ce aikin banza aka yi ba. Amma tun daga ranar da aka rufe ƙofofin nan, kalandar gulbi ta tashi daga hannun damina ta koma kan teburin injiniya.

Ga yadda abin ke shafar mai sheƙa. A bayan bango, cikin tabki, ruwa na raguwa da rani saboda ana saki kuma rana na sha. Tudun da yake tsibiri a Janairu, kafin Afrilu sai ka ga ruwan da ya raba shi da gaɓa ya koma iya idon sawu, sannan ya zama taɓo, sannan hanya. Ranar da kare ɗaya ya ƙetara, kwancin shekara ya ƙare, balle garke ya bi ta kai ko yara su gano wurin. A gaban bango kuma, ta wajen Wurno, matsalar ta juya. Tsuntsu ya yi ƙwai a tudun rairayi yana ganin rani ne, ruwa ba zai taso ba, sai a buɗe ƙofa cikin dare don biyan wata bukata ta ƙasa, da safe tudun ya nutse. Tashin ruwa na taƙi ɗaya ya isa. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Injiniyan da ya ba da umarni yana da jerin masu jiransa: gidan ruwa, manoman rani, masu bikin kamun kifi. Tsuntsu dai ba ya cikin jerin.

Mutanen kwarin Rima ba sa bukatar a koya musu ƙarfin ƙofar nan. A Satumbar 2010, da dam ya cika aka buɗe, ƙauyuka da gonaki sun nutse daga Goronyo har zuwa Sakkwato, hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. A 2018 kuma aka ga kishiyar haka: ruwan ya janye har hukumar da kanta ta ce abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike cikin tabkin. A irin wannan shekara ba sauran tsibiri, sai fili. Abin da ke cin manomi da masunci a shekarun nan biyu shi ne abin da ke cin tsuntsu duk shekara ba tare da an ji labari ba: ruwa ya zo ko ya tafi babu sanarwa.

Saboda haka idan aka kafa allo aka rubuta "Hurumin Tsuntsaye", aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, ba a sa hukumar dam cikin yarjejeniya ba, an yi aikin baban giwa. Muna da misali a maƙwabta. A tabkin Kainji, wanda aka datse a 1968, akwai tsibiran Foge, ragowar wani babban gungu da ruwa ya ci galibinsa. (Daga kalmar gungu ɗin nan aka samo sunan Gungawan ƙasar Yawuri, wato mutanen tsibiri, kuma ni ta fi mini daɗin faɗa.) A 2008 aka sa Foge cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, tare da Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe. Abin alfahari ne, amma shiga jerin Ramsar ba ya zuwa da albashin mai gadi, ba ya kuma ɗaure hannun mai buɗe ƙofa. Jihar Sakkwato ba ta da wuri ko ɗaya a wannan jeri, ba ta kuma cikin sababbin gandayen ƙasa goma da aka amince da su a 2020. Da na ɗauki wannan abin kunya ne. Yanzu ina ganin wata dama ce ta fara abu daga ƙasa, kafin takarda ta riga aiki isowa.

Kuma ba sai mun aro dabara daga Turai ba. Kalmar hurumi tamu ce. Fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato ya san hima, wato shugaba ya keɓe wani yanki don amfanin jama'a, kuma Mukhtasar na Khalil ya gindaya masa sharuɗɗa: a kasance ana bukatarsa, ya zama kaɗan ne, ya zama wurin da ba ginin kowa ko shukar kowa a kai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Ko hurumin tsuntsu ya shiga wannan babi kai tsaye, malamai ne za su faɗa, ba ɗan jarida ba. Amma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito sananne ne, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, ta zo tana karkaɗa fiffike, Annabi ya umarce su da su mayar mata. A ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya rasu a 1837 aka rufe shi a Wurno, huɗuba ɗaya a kan wannan hadisi za ta yi aikin da allo goma ba za su yi ba. Sharuɗɗan nan na Khalil kuwa, in aka duba, su ne ainihin abin da ke raba hurumin da zai daɗe da wanda jama'a za su tsana. Shi ya sa na ce gungu ɗaya, ban ce tabki duka ba.

Sannan ga Argungu, a kan wannan ruwa namu. Kogin Matan Fada ana hana kamun kifi a cikinsa tsawon shekara sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke riƙe da dokar, ba ɗan sanda ba. Bikin ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Masunci ya riga ya yarda cewa a bar wani gurbi ya huta riba ce. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa hutun gungu ma yana shiga komarsa.

Yana shiga kuwa. Inda tsuntsaye suka taru suna sheƙa a kan itatuwan cikin ruwa, kashinsu taki ne. Yana ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, saiwoyi da rassan da suka nutse kuma su zama maɓoya. A ƙasar Mali, a fadamar kogin Kwara ta tsakiya, dajin Akkagun da fari da gatari suka kusa ƙararwa an sake raya shi tun daga shekarun 1980 tare da mutanen ƙauyukan wurin, kuma masunta na cikin masu tsaron sa saboda sun ga kifin da ke fitowa daga ƙarƙashinsa. Gaskiya ne zalɓe na cin kifi. Amma abin da yake ci bai kai abin da taru mai ƙananan ido ke kwashewa ba, balle wanda ke zuba gamalin cikin ruwa.

Mai wuyar shawo kai shi ne manomin shinkafa, kuma yana da hujja. Ka ce masa tsuntsu, jan-baki yake ji. Zai ce maka: "Malam, 'ya'yana tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa, makaranta ma sun bari, kai kuma ka zo kana neman a gina wa tsuntsu gida?" Wanda bai taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a kan shinkafa mai nono kamar hayaƙi ba, kada ya yi saurin ba shi amsa. Abin da za a faɗa masa da gaskiya shi ne jan-baki mai cin tsaba ne, yana sheƙa a sarƙaƙiyar ƙaya, yana kwana cikin kacalla da rake da dogayen ciyayi. Tudun rairayi tsirara ba ya yi masa amfanin komai. Kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru ta zama masaukinsa, kuma abin da ya haife ta shi ne ruwan da dam-dam na can ke saki ya kwanta shekara duka ba ya bushewa. Ke nan sharaɗi ne a yarjejeniyar hurumin cewa ba za a bar kacalla ta kafu a kewayensa ba, kuma manoma su kasance cikin masu dubawa. Idan jan-baki ya mayar da wurin makwanci, a kore shi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne jirgin feshi ya bi ta kan gungun, domin gubar da ake fesa wa jan-baki ba ta tambayar sunan tsuntsu, tana kashe balbela da shirwa da duk wanda ya ci gawar.

Akwai kuma bashin da manomi ke mantawa ana binsa. Balbelar da ke bin garma da garken shanu fara da tsutsa take tsinta. Shamuwa, wadda ke zuwa da albishirin damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifanta, abincinta ke nan ita ma. Kakanninmu ba su karanta ilimin halittu ba, amma sun kafa wa shamuwa hurumi a zukatan yara, har yau yana aiki. Abin da aka yi wa tsuntsu ɗaya a kan tsamiyar ƙofar gida shi nake roƙo a yi wa saura a kan tudu ɗaya cikin ruwa.

Kada a yi wa kowa alkawarin Turawa masu yawon buɗe ido. Dagona ta ga Yarima Philip na Ingila a 1989, amma wannan wani zamani ne, kuma ba wanda zai ɗauko na'urar hangen nesa ya nufo gabashin Sakkwato a halin da ake ciki. Wanda ya sayar wa ƙauye hurumi da sunan dala, shekara biyu za a ƙone wurin. Haka kuma ina tsoron ranar da abin zai zama "shiri" mai ofis a birni da mota mai lamba ja da taron bita a otal. Akwai kuɗin Bankin Duniya da suka shigo harkar ruwa a Arewa, irin shirin TRIMING na gyaran ban-ruwa da aka amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da kwarin Rima, da ACReSAL na 2021. In za a taɓa irin waɗannan kuɗi don wannan aiki, wuri ɗaya ne ya cancanta: duk ranar da aka tashi yashe tabkin, a tara wani kaso na yashin a ɗaga gungun da aka zaɓa, a zurfafa ruwan da ya kewaye shi yadda ko a shekarar fari ba za a taka a ƙetara ba. Mutanen Holan sun yi haka tun daga 2016, suka gina tsibiran Marker Wadden da lakar da ta dame su a cikin tabki, tsuntsaye suka cika su cikin 'yan shekaru. Yashin da za a biya kuɗi a zubar, gara a zuba shi inda zai yi aiki.

Sauran duka magana ce ta zama a zaure. Hakimi da Sarkin Ruwa da Arɗo da shugaban manoman rani da wakilin hukumar dam su amince a kan abubuwa kaɗan da kowa zai iya riƙewa a ka. Ba sauka a kan gungun, ba kwana, ba hura wuta, ba ɗibar ƙwai, daga Maris har ƙarshen Satumba, wato daga kwancin masu rairayi zuwa tashin 'ya'yan balbela. Kamun kifi a kewayensa halal ne, in dai jirgi bai matso ya tayar da masu kwanci ba, domin ƙwan da uwa ta tashi ta bari a ranar Afrilu ta Sakkwato ba ya daɗewa bai dahu ba. Mai gadi ya zama Basarke ɗan wurin mai kwalekwalensa, ƙaramar hukuma ta biya shi, tara kuma a san adadinta tun farko, a san inda take shiga. Ita kuwa hukumar dam, ba a ce ta hana Sakkwato ruwan sha don tsuntsu ba, ba mai hankalin da zai nemi haka. Abu biyu ake roƙonta. Ta riƙa sanar da ranar saki da yawansa tun da wuri, ta rediyo da bakin masu unguwanni. Kuma inda hali ya yi, tsakanin Maris da Yuni, ta riƙa sakin ruwa a hankali daidai wa daida, maimakon a rufe mako biyu a buɗe dare ɗaya. Mai injin ban-ruwa a bakin gulbi da ke tsoron ruwa ya tafi da injinsa zai fi tsuntsu murna da wannan.

Wane gungu za a zaɓa? Masuntan tabkin sun san tudun da ba ya haɗewa da gaɓa ko a shekarar da ruwa ya fi janyewa, sun san inda balbela ke kwana. A sa ɗalibai biyu daga sashen gandun daji da na kifi na Jami'ar Ɗanfodiyo cikin jirginsu a watan Afrilu, lokacin da ruwa ke ƙasa, da littafi da sanda mai zane. Su kafa sandar a mashigin da ya fi kowanne rashin zurfi, su ƙirga gurbin ƙwai, su koma a Agusta su ƙirga sheƙa. Lambar da ruwa ya tsaya a jikin sandar nan ranar da kare ya kasa ƙetarawa, ita za a kai wa injiniya a Goronyo.